Farantan Tokar Baba Alfred

Kaduna, 9 ga Fabrairu, 1975

Zuwa ga Mama Dokas,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya gwiwar? Ina fata kina shafa man da na aiko, ba ajiye shi kika yi a ƙarƙashin gado kina jiran ranar biki ba. Ki gaishe mini da ƙawarki Mama Juliana, da maƙwabciyarki Gwaggo Asta, da duk mutanen Herwagana.

Bayan gaisuwa, albishirinki. Kamfanin gine-ginen da nake wa aiki ya ba ni gida, ɗaki biyu da falo, ga famfo a ciki. Ƙarin albashin da ake ta magana ya iso gare mu mu ma, har na sayi kujeru masu taushi da rediyo mai juya faifai.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya Manajanmu ya gayyace mu gidansa. Ɗan ƙasa ne, amma a Ingila ya yi karatu. A falonsa akwai kabad na gilashi, a ciki ya jera tsofaffin farantan tokar taba na zamanin Turawa, guda goma sha ɗaya. Ya yi ta ɗauko su ɗaya ɗaya yana ba mu labarinsu, manyan mutane suna ta gyaɗa kai. Ni kuwa dariya nake a cikina, ina cewa marigayi Baba Alfred da bai taɓa shiga jirgi ba ya bar ashirin da bakwai a Gombe.

Mama, ki taimaki ɗanki. Shekara biyar na yi a gidanku ina makaranta, kuma ko da yake kaka kawai mahaifina ya haɗa da Baba Alfred, ba ki taɓa nuna mini bambanci ba. Ki ba ni farantan nan in ƙawata falona. A nan ne za a san darajarsu. Ke ba taba kike sha ba, kuma ƙura kawai suke kwasa a wurinki.

Naki,
Ernest

Herwagana, Gombe, 2 ga Maris, 1975

Zuwa ga ɗana Ernest,

Na gaishe ka cikin sunan Yesu. Takardarka ta same ni lafiya. Gwiwa da sauƙi, man kuma ina shafawa, sai dai warinsa ya kori kyanwata daga ɗaki. Mahaifiyarka ta aiko daga ƙauye cewa tana lafiya. Na yi murna da gida da kujeru. Allah ya kawo wadda za ta zauna a kansu, don kai ma ka fara tsufa.

To, ƙura ka ce? Ni Dokas, da nake fito da su duk ranar Asabar in wanke da ruwan ɗumi in goge da tsumman da ko fuskata ba na gogewa da shi? Ka zo ka sa yatsa a kabad ɗin, in ka sami ƙura in biya maka kuɗin mota.

Kai yaro ne lokacin, bari in tuna maka. Shekara ashirin da biyu babanka Alfred ya yi yana aikin tebur, wato kai wa Turawa abinci, da fari a gidan saukar baƙi na gwamnati, daga baya a gidajen Turawan auduga. Da aka sami 'yancin kai suka fara naɗe kaya, kowane kuku da mai gadi yana roƙon abin da zai samu. Wani keke, wani gadon ƙarfe, wani agogo. Shi kuwa duk Baturen da ya ce masa me kake so, sai ya ce farantin toka. Na yi faɗa har na gaji. Na ce mutane suna shigowa da keken ɗinki, kai kana shigo mini da abin da ko gishiri ba zai ɗauka ba. Sai ya ce a duk gidan Bature babu abin da shi ya fi mai gidan saninsa sai wannan, don shi yake wanke shi kowace safiya. Mutumin da bai taɓa sa taba a bakinsa ba!

Kowanne da labarinsa. Koren gilashin nan mai nauyi na wani joji ne da ba ya cin abinci sai an kaɗa masa ƙararrawa. Mai siffar tayar mota na injiniya ne. Na tangaram mai hoton jirgin ruwa wata baturiya ce ta ba shi tana kuka, ranar da za su tafi. Na tagulla guda huɗu a gwanjo ya saye su da kuɗin da na ba shi ya sayo mini zane, kwana uku ban yi masa magana ba.

Asta tana da jeren kwanukanta har rufin ɗaki, ni ma wannan ne jerena. Ranar da ta fara gani ta riƙe haɓa ta ce, "Dokas, waɗannan wane irin kwanukan miya ne, ko ɗan tsako ba zai ƙoshi ba?" Yanzu ita ce ke kawo baƙinta kallo.

Allah bai ba mu haihuwa ba, gona kuma 'yan'uwansa sun raba. Abin da Alfred ya bar mini ke nan. Ka roƙi wani abu, ko gadona ne zan ba ka in kwanta a tabarma. Wannan kam a'a, kuma kada ka yi fushi.

Ni ce taka,
Mama Dokas

Herwagana, Gombe, 20 ga Mayu, 1975

Ɗana Ernest,

Gaisuwa da fatan alheri. Wata biyu da rabi ban ji daga gare ka ba. In fushi kake yi ka ajiye shi gefe, yau ina da abin da ya fi fushinka. Jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Ka san an kawo mana sabon fasto bara, Fasto Bernard, saurayi ne da ya fito makarantar Littafi da zafinsa. Lahadin da ta wuce bayan an tashi sujada, ina cire zanen zumuntar matan coci sai ga sallama. Shi ne da Dattijo Jesse, magatakardan cocinmu. Na kawo ruwa, ba wanda ya sha. Fasto ya tsaya gaban kabad hannu a baya.

Ya ce, "Mama, an kawo mana ƙara a rubuce. An ce uwar zumuntar mata ta mai da ɗakinta wurin girmama taba, 'yan mata suna zuwa koyon waƙa suna gani."

Na ce, "Wa ya kawo?"

Ya ce, "Wani ɗan'uwa mai kishin ikkilisiya. Bai sa suna ba."

Na ce shekara goma sha biyar suna nan, fastoci uku sun sha shayi a gabansu. Ya ce shi ba fastoci uku ba ne, kuma na fi kowa sanin dokarmu a kan taba da giya. Sannan ya ƙirga su da yatsa, ya juyo ya ce, "Ashirin da bakwai. Ina na ashirin da takwas, mai hoton mace?"

Ernest, bai yi ƙarya ba. Akwai guda ɗaya da ba a taɓa jerawa ba. Wani Baturen auduga ne ya ba Alfred, a jikinsa an zana mace da ɗan kamfai tana riƙe da kwalbar giya. Alfred ya kasa ƙin kyauta, ya kuma kasa jefarwa, sai ya naɗe shi a tsohuwar riga ya sa a ƙasan akwatin ƙarfe. Dole na buɗe akwatin a gabansu. Dattijo Jesse ya juya fuska ya kalli ƙofa, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Hukuncin shi ne, kafin ƙarshen wata ko su bar gidan nan, ko in sauka daga shugabancin zumunta in koma bencin baya na masu horo. Fasto cewa ya yi a farfasa su a zuba a masai. Dattijo Jesse ne ya roƙa aka yarda in kai su wani gari.

Na san wadda ta yi mini wannan. Da Alfred ya rasu, Juliana ce ta taya ni kwashe tufafinsa daga akwatin, ta ga abin da idonta, har muka yi dariya cikin kuka. Kuma tun bara take ƙorafin wai na daɗe a kan kujera. Na same ta ranar Talata wurin koyon waƙa, a gaban mata, na gaya mata maganganun da ba zan iya sa wa a takarda ba. Ta rantse, ta yi kuka. Ban saurare ta ba. Shekara ashirin muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Ba zan iya zama a bencin baya ba, ɗana, ni da na koya wa rabin matan nan buga tulu wurin waƙa. Don haka na naɗe kowanne cikin auduga da tsohuwar jarida, na shirya su a kwalin sabulu, duka ashirin da takwas. Hamman direba, ƙanen Asta, zai kai kaya Kaduna ranar Jumma'a, na ce ya ɗora kwalin a gaba kusa da shi. Ba ni da wanda ya fi ka cancanta ya riƙe su, kai ne ɗan da Alfred ya samu. Ka ajiye mini su har Allah ya kawo sauƙi, ran nan zan aiko a karɓa.

Taka cikin baƙin ciki,
Mama Dokas

Kaduna, 1 ga Yuni, 1975

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, aiki ne ya yi mini yawa shi ya sa kika ji shiru, ba fushi ba. Wa zai yi fushi da uwarsa?

Hamman ya iso lafiya. Na buɗe kwalin da kaina, ashirin da takwas cif, ko ɗaya bai tsage ba. Da na karanta takardarki sai da na kasa cin abinci. A ce mace kamarki, da ta ba ikkilisiya ƙuruciyarta, a tsaya a kanta a ɗakinta ana ƙirga mata kaya! Duk wanda ya yi wannan, Allah yana ganinsa.

Game da Mama Juliana, shawarata ki yafe mata a zuciya kamar yadda aka koya mana, amma ki ja jikinki. Kada ki sake tayar da maganar, kada kuma ki matsa sai an nuna miki takardar, ƙarin ɓacin rai ne kawai.

Ki kwantar da hankalinki. Kayan Baba suna hannu mai kyau.

Naki,
Ernest

Herwagana, Gombe, 22 ga Fabrairu, 1976

Ɗana Ernest,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Wannan ce takarda ta huɗu tun watan Agusta, ko ɗaya ba ka amsa ba. Da Kirsimeti na soya kaza na ajiye maka cinya har ta bushe. Da aka yi tashin hankalin nan na Legas aka kashe shugaban ƙasa, na kwana biyu ina jin rediyon Asta, ina tunanin ko kana lafiya. Hamman ne ya ce ya hango ka cikin mota, kana tuƙi da kanka, har ka yi ƙiba. To, madalla. Mu ma an ce yanzu mun zama 'yan Jihar Bauchi, amma gwiwata ba ta ji labari ba.

Ga albishir. An tura Fasto Bernard ƙarin karatu, an kawo mana wani fasto dattijo ɗan Billiri wanda ya san Alfred tun suna samari. Ya zo gaishe ni, yana zama ya dubi kabad ya ce, "Dokas, ina farantan Alfred? Ai saboda su na ƙi shan ruwa a gidan kowa sai naki." Na ba shi labari. Sai ya ce shi dai bai taɓa ganin gilashi ya kunna taba ba, in dawo da kayana, duk mai magana ya zo ya same shi. Mai hoton macen ne kawai ya ce ya koma ƙasan akwati inda mai shi ya bar shi.

Ernest, na yi rawa a tsakar gida da wannan gwiwar. Wata tara ina goge kabad babu komai a ciki, Asta tana yi mini tsiya wai in ara mata shi ta sa ƙwai. Na sayi sabon leshi na shimfiɗa a kowane hawa.

Hamman zai zo Kaduna ranar biyu ga wata. Ka naɗe su yadda na naɗe, audugar tana nan in ba ka zubar ba. Koren gilashin ka sa shi a ƙasa, ya fi sauran nauyi.

Taka,
Mama Dokas

Kaduna, 14 ga Maris, 1976

Mama Dokas,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna. An yi mini ƙarin girma tun watan Disamba, yanzu ni ne mataimakin manaja, ga motar kamfani. Addu'arki ce.

Maganar farantai ta ba ni mamaki ƙwarai. Takardarki ta bara tana gabana yanzu haka. Da hannunki kika rubuta, "Ba ni da wanda ya fi ka cancanta ya riƙe su, kai ne ɗan da Alfred ya samu." Ni abin da na fahimta, gādo kika ba ni. Wace uwa ce za ta ce wa ɗa haka sannan ta aiko direba ya karɓa?

Gaskiyar magana, ba sa hannuna. Manaja ya zo ganin gidana a watan Nuwamba, ya tsaya a gabansu kusan awa guda, ya ɗauki mai hoton jirgin ruwa yana ta yabawa. Kin san yadda zaman aiki yake, babba ya yaba abu a ɗakinka sau uku, ba ka da bakin cewa a'a. Na kai masa su duka. Yanzu an mai da shi babban ofishinmu na Legas, ya tafi da su. An ce kabad ɗin da ya sa su har fitila gare shi a ciki. Ki duba fa, kayan Baba Alfred a Legas, manyan ƙasa suna kallo! Da yana raye da ya yi alfahari.

Don kada kabad ɗinki ya zauna haka, na ba Hamman kwali daga babban kanti. Farantan toka ne sababbi fil, na gilashi, guda talatin da shida, duka iri ɗaya, sun fi tsofaffin ƙyalli. Zamani ya canja, Mama, yanzu ƙasa tana da kuɗi, ba sai mun riƙe ragowar Turawa ba.

Naki kullum,
Ernest

Herwagana, Gombe, 4 ga Afrilu, 1976

Ernest,

Ina gaisuwa, don an koya mini in fara da gaisuwa. Lafiyata ba ta dame ka ba, ba zan ɓata tawada a kanta ba.

Ka iya karatu, ka karanta layi ɗaya ka tsallake na ƙarƙashinsa, inda na ce ka ajiye mini su zan aiko a karɓa. Da wannan ne kaɗai, da na ce kwaɗayi ne ya rufe maka ido, in yi kukana in share hawaye. In kuma ragowar Turawa ne marasa amfani, me ya sa suka saya maka mota?

Kwana uku na yi ban fita ba bayan takardarka. Dattijo Jesse ya zo dubiya, na gaya masa komai. Ya ɗauki hularsa ya tafi. Washegari ya dawo da ambulan, ya ce shekara guda abin yana ci masa rai, kuma sabon fasto ya ce a nuna mini. Takardar ƙarar ce.

Da keken rubutu aka buga ta. Juliana ko sunanta da ƙyar take rubutawa. Hatimin gidan waya da ke bayan ambulan na Kaduna ne, sha ɗaya ga Afrilu na bara, mako biyar da 'yan kwanaki bayan na ce maka a'a. Juliana ba ta taɓa wuce Bauchi ba. Na karanta inda aka ce, "A bincika ƙasan akwatin ƙarfe, akwai wanda aka naɗe a riga mai ratsin shuɗi." Sai na tuna Kirsimetin da kake aji uku, da Alfred ya aike ka ka ɗauko masa babbar riga, ka fito kana ƙyalƙyala dariya da abin a hannunka. Ya ja ka bayan ɗaki ya roƙe ka, shi babba yana roƙon yaro, kada ka gaya wa kowa. Ka ce ko an yanka ka.

A ƙasan takardar an ba dattawa shawara, wai kada a tilasta wa tsohuwa ta fasa su, a bar ta ta aika wa wani ɗan'uwa a wani gari. Dattijo Jesse ya ce daga nan ya ɗauko roƙon da ya yi mini. Har hanyar da za su bi su iso falonka ka share musu.

Sannan ka zauna ka rubuto mini cewa ka kasa cin abinci. Ka ce in ja jikina daga Juliana.

Jiya na je gidanta. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta da wannan gwiwar, a gaban jikokinta, na ce na zalunce ta. Ta ce ta yafe tun bara. Ta kawo mini ruwa a waje, ba ta ce in shigo ba. Ban ga laifinta ba.

Ban taɓa jin zafin mutum kamar yadda nake jin naka ba, ko 'yan'uwan Alfred da suka raba gona ina zaman makoki. Su ban wanke musu kayan makaranta ba.

Abu ɗaya nake so. Ka rubuto da hannunka, ba da keke ba, ka ce kai ne ko ba kai ba ne.

Dokas

Kaduna, 25 ga Afrilu, 1976

Mama,

Na gaishe ki. Ban san ta inda zan fara ba.

Ni ne. Amma Allah ya sani ban yi zaton abin zai kai haka ba. Na ɗauka Fasto zai yi miki magana a hankali, ki aiko su, in nuna wa Manaja, bayan wata biyu in dawo da su. Maganar bencin baya da ta Mama Juliana ban taɓa kawo su a raina ba. Da abu ya lalace kuma kunya ta hana ni faɗa. Ba ki san yadda ake fama a nan ba, mu goma sha biyu muke neman kujera ɗaya, kowa yana da wanda ya tsaya masa, ni ba ni da kowa.

Na rubuta wa Manaja, bai amsa ba. Zan sake gwadawa.

Roƙona ɗaya, don girman Allah kada mahaifiyata ta ji. Kin san ƙarfinta ya ƙare, kuma ni kaɗai take taƙama da shi a ƙauye. Ki yi mini kowane hukunci, amma ban da wannan.

Ɗanki mai laifi,
Ernest

Herwagana, Gombe, 9 ga Mayu, 1976

Ernest,

Takardarka ta iso ranar Litinin. Ranar Talata mahaifiyarka ta iso.

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa sai na ji guɗa a ƙofa. Ga Yaya, ta sha ƙurar mota tun daga bayan Kaltungo, zakara a hammata, ƙullin riɗi a ka. Kafin in miƙe ta zube a gabana. Matar da ta girme ni da shekara goma. Na ce Yaya lafiya, tashi mana. Ta ce ba za ta tashi ba sai ta yi godiya.

Daga bakinta na ji ka je gida da bikin Ista cikin motarka. Wato ka ratsa Gombe, zuwa da dawowa, takardata tana aljihunka, ba ka tsaya ba. Ta ce ka tara dangi a gindin bishiya ka gaya musu Mama Dokas ta ba ka gādon Baba Alfred da hannunta, ta sa maka albarka, albarkar ce ta buɗe maka hanya.

Ta kama hannuna biyu ta ce, "Dokas, ni na haife shi, amma ke kika yi shi mutum. Abin da ya fi miki komai a duniya kika ɗauka kika ba ɗana. Ba ni da abin biyanki sai zakaran nan."

Takardar ƙararka tana cikin Littafina, a kan tebur, taku uku daga inda take durƙushe. Na dubi Yaya. Idonta ɗaya ya riga ya yi fari, kuɗin motar ma awarwaronta ta sayar ta biya. Ta shiga ɗaki ta shafa kabad ɗin da tafin hannu tana sa mini albarka, tana cewa dubi yadda na bar shi fayau saboda ɗanta.

Na buɗe baki na ce, "Ba komai, Yaya, ai ɗanmu ne."

Na yanka zakaran, na yi miyar riɗi, muka ci tare. Kwana biyu ta yi tana ba ni labarin motarka, ina cewa madalla. Da Asta ta shigo za ta yi magana na taka mata ƙafa. Shekarata hamsin da huɗu ban taɓa yi wa baƙo ƙarya a ɗakina ba, sai da ka koya mini.

Ka daina wahalar da kanka da rubuta wa Manaja, ni da kai mun san ba za su dawo ba. Kwalinka na talatin da shida yana wurin Hamman, ban buɗe ba.

Ka kwantar da hankalinka, ba za ta ji daga bakina ba, kuma ba don kai ba. Ranar da Allah ya ɗauke ta ka aiko a gaya mini, zan zo in yi mata wanka in raka ta. Ban da wannan, kada ka sake rubuto mini.

Dokas, matar Alfred